Bitamin C: tsakanin ƙwayar kemis da tiren gwaba

Da zarar hunturu ya kama, mura ta fara zagaye gidaje, abin da ake aiken yara kemis su sayo bai wuce farasitamol da bitamin C ba. An ɗauka ƙwayar bitamin C maganin mura ce. Wanda ya fi kowa yayata wannan ra'ayi wani babban masanin kimiyya ne na Amurka, Linus Pauling, mai kyautar Nobel har biyu, wanda ya wallafa littafi a kai a 1970. Girman sunansa ya sa jama'a da yawa suka yarda.

Bincike bai ba shi gaskiya sosai ba. A 2013 cibiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwajen da aka yi wa mutane fiye da 11,000, ta gano cewa shan bitamin C kullum ba ya hana yawancin mutane kamuwa da mura. Yakan dai rage kwanakinta da kashi 8 cikin 100 ga manya, 14 ga yara. Wanda kuwa ya bari sai da hanci ya fara zuba sannan ya fara sha, ba a ga wata riba tabbatacciya da ya samu ba.

Aikin bitamin C na gaske yana wani wuri. Jiki na buƙatarsa wajen ƙera kolajin, wato sinadarin da ke riƙe fata da dasashi da jijiyoyin jini, kamar yadda siminti ke riƙe bulo. Akuya da saniya da kare suna haɗa nasu bitamin C a hanta. Ɗan Adam ba ya iyawa, sai ya ci a abinci. In ya yi wata ɗaya zuwa uku bai samu ba, cutar sikabi ta fara: kasala, ciwon gaɓoɓi, dasashi ya kumbura yana jini, haƙora su yi girgiɗi, tsohon rauni da ya warke ya sake buɗewa.

Wannan cuta ta ci ma'aikatan jiragen ruwan Turai masu yawan gaske, don sukan yi watanni a teku daga busasshen biskit sai naman gishiri. A 1747 wani likitan sojan ruwan Birtaniya, James Lind, ya ware majinyata 12, ya kasa su biyu-biyu, ya ba kowane kashi magani daban. Biyun da suka sami lemo su ne suka farfaɗo cikin kwana shida. Duk da haka sai a 1795 hukuma ta fara raba wa sojojinta ruwan lemon tsami. Gano ainihin sinadarin kuwa sai a 1932, kuma Albert Szent-Györgyi ɗan ƙasar Hungari, wanda ya riƙa tace shi daga tattasai, ya sami Nobel a 1937. Cutar ba ta ƙare ba: a shekarun 1980 ta ɓulla a sansanonin 'yan gudun hijira na Somaliya da Sudan da Habasha, inda aka dogara da hatsi da mai kaɗai.

Abin da jiki ke so bai taka kara ya karya ba: miligiram 75 ga mace a rana, 90 ga namiji, mai shan taba ya ƙara 35. Gwaba ɗaya ta biya wannan har da rara. Akwai shi a lemo, mangwaro, gwanda, yazawa, tattasai, ɗanyen zogale da garin ƙwame da ake zubawa a fura. Matsalar tana tukunya. Zafi na kashe shi, kanwa ma haka, kuma yana narkewa a ruwa. Alayyahun da aka tafasa ya yi liƙis aka tsiyaye ruwansa, ko ganyen da ya bushe a rana, kaɗan ne ya rage a cikinsa.

Amfanin da ya kamata a ce an fi yayatawa a wurinmu shi ne na ƙarin jini. Bitamin C na taimaka wa hanji ya tsotsi sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da gero da ganye. Mai juna biyu da ta ci wake da shinkafa da yankakken tumatir, ko ta bi shi da lemo, ta fi cin moriyarsa a kan wadda ta kora da shayi, don shayi hana tsotsar yake yi.

Rarar da jiki bai buƙata ba ƙoda ce ke fitar da ita a fitsari, har da kuɗin da aka kashe. Wuce miligiram 2,000 a rana na jawo gudawa da murɗawar ciki, kuma ga mai tsakuwar ƙoda ko ciwon ƙoda, haɗarin ya fi haka, sai da shawarar likita.