Karɓar Takardun Neman Shiga Biki ta Intanet: Misalin Bikin Kamun Kifi na Argungu

Bikin Kamun Kifi na Argungu ya samo asali ne a shekarar 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun da bil'adama suka gada. Dubban masunta ne ke faɗawa Matan Fada da homa da gora, ban da 'yan kokawa, masu tseren kwale-kwale, manoma masu baje amfanin gona da 'yan kasuwa masu neman rumfa. Rubuta sunayen wannan jama'a a littafi jan aiki ne. Don haka ya dace jama'a da ma'aikata su fahimci abin da ake bukata idan za a yi shi ta intanet.

Tun kafin a taɓa kwamfuta, akan zauna a tsayar da tambayoyin da za a sa a fom: suna, gari, ƙaramar hukuma, lambar waya da rukunin da mutum yake nema. Daga nan masana su haɗa manhajar, a ɗora ta a kan babbar na'urar da ba a kashewa dare da rana, a gwada ta da mutane kaɗan. Adireshin da ya ƙare da .gov.ng, wanda hukumar NITDA ke kula da bayar da shi, shi ne shaidar cewa na gwamnati ne, ba na 'yan damfara ba.

Wahalar tana wajen gudanarwa. Masunci daga Augie ko Kamba mai ƙaramar waya ba zai cike fom da kansa ba. Dole a ajiye ma'aikaci a sakatariyar ƙaramar hukuma ko fadar hakimi da zai cike masa, ya karanta masa abin da ya rubuta, sannan lambar shaida ta shigo wayarsa ta saƙon tes. Haka kuma, idan aka wajabta lambar zama ɗan ƙasa, an rufe wa masuntan Jamhuriyar Nijar ƙofa ke nan. Sai a tanadar masu wata shaidar.

Manhaja tana iya gane sunan da aka shigar sau biyu, ta kuma hana a ba mutum biyu rumfa ɗaya. Amma ba ta san wane ne masunci na gaskiya ba. Wannan sai Sarkin Ruwa da shugabannin masunta, kuma bai kamata a amince da suna ba sai sun tantance.

Ma'aikata su lura cewa Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta hana amfani da sunaye da lambobin wayar jama'a a wani aikin da ba shi aka karɓe su dominsa ba. Kowane ma'aikaci ya riƙe kalmar sirrinsa shi kaɗai. A kuma buga jerin sunayen a takarda kafin ranar biki, domin cunkoson jama'a a bakin ruwa yakan sa layin waya ya yi rauni.