Yadda gishiri ya zama rigakafin maƙoƙo

Gishirin da kuke sawa a miya yana da tarihi. A da, maƙoƙo ya addabi mazauna tsaunukan Suwizalan, saboda sinadarin aidin ya yi ƙaranci a ƙasar nomansu. A 1922 suka fara haɗa gishiri da aidin, jihar Michigan ta Amurka ta bi sahu a 1924, cutar ta ragu sosai. Najeriya ta wajabta hakan a 1993.

Ƙwaƙwalwar ɗan tayi ma na buƙatar aidin, don haka ku sayi gishiri mai aidin, ku riƙa rufe shi, nesa da murhu. Kaɗan ya isa, musamman ga mai hawan jini. Idan wuya ya kumbura ku ga likita, domin ba kowane maƙoƙo ne rashin aidin ke kawowa ba.