Tarihin mata masu fararen tufafi

A shekarun 1867 da 1868 yunwa ta faɗa ma ƙasar Aljeriya. Fara ta cinye gonaki, ruwan sama ya ƙi, ciwon zawo da amai ya biyo baya. Mutane sunka mutu da yawa. Babban limamin Katolika na birnin Alje, wani Bafaranshe mai suna Labijeri, ya tara marayu fiye da dubu. To, wa zai riƙe su?

Sai ya aika Faransa neman mata. A watan Satumba na 1869, ƴan mata takwas sunka iso daga Biretanye, yammacin Faransa. Ƴaƴan manoma ne. Sunka yi alkawali ba za su yi aure ba, sai aikin addininsu. Su ne mafarin ƙungiyar. Fararen tufafi suke sawa, shi ya sa anka san su da wannan suna.

Aikin farko ba na alƙalami ba ne. Noma sunka yi don ciyar da yaran, sunka koyi Larabci. Amma abin bai rasa gardama ba. Marayun ƴaƴan Musulmi ne, kuma an maida waɗansu Kirista. Gwamnan ƙasar ma ya so a maida yaran wurin danginsu.

Wata mai suna Mari Salome ta shugabanci ƙungiyar daga 1882 har 1925. A zamaninta sunka kai Segu, cikin Mali ta yanzu, a 1897, da Wagadugu a 1912. Inda sunka sauka, sai su buɗe gidan magani da lakkwal ta ƴan mata.

Ɗaya daga cikinsu, Mari Andere, ta yi karatun shari'a mai zurfi. Ta zaga garuruwan Afirka ta Yamma tana tambayar mata yadda ake aurar da su. Abin da ta ji, ta rubuta, ta kai gaban manya a Paris. Wannan ya taimaka anka yi dokar 15 ga Yuni 1939, wadda ta haɗa har da Nijar. Dokar ta ce ba a aurar da yarinya kafin shekara 14, ko yaro kafin 16. Ba a ɗaura aure sai su biyu sun yarda. Matar mamaci kuma ba a gadonta tilas.

A takarda doka ce mai kyau. Amma a ƙauyuka kaɗan ne sunka ji labarinta.