Gwajin Aiki a Matsayin Ma'aunin Ilimin Ɗalibi

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bayyana yadda makarantu ke auna ilimin ɗalibi ta hanyar gwajin aiki, watau a sa shi ya aikata abin da aka koya masa a gaban malami, maimakon ya rubuta bayaninsa kawai.

Tun bayan kafa Hukumar Shirya Jarrabawa ta Afirka ta Yamma a 1952, jarrabawar rubutu ce ta fi rinjaye a makarantun sakandare. Amma ko ita hukumar ba ta tsaya ga takarda kaɗai ba, domin a darussan kimiyya akan shigar da ɗalibi ɗakin gwaje-gwaje, ya haɗa sinadarai da hannunsa, ya auna, ya rubuta abin da ya gani. Manufar Ilimi ta Ƙasa da Nijeriya ta fitar a 1977 kuwa ta nemi a riƙa auna ɗalibi a kai a kai, kada makomarsa ta rataya a kan jarrabawar rana ɗaya.

A fagen koyar da Hausa, buƙatar wannan gwaji a fili take. Daidaitacciyar ƙa'idar rubutu ba ta nuna karin sauti ko tsawon wasali. Alal misali, "gari" na zama da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya ne, haka kuma "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya. Saboda haka ɗalibi, musamman wanda Hausa ba harshen uwarsa ba ne, yana iya cin jarrabawar rubutu alhali furucinsa bai nuna ba. Sai an sa shi karatu a bayyane, ko ba da tatsuniya, ko muhawara, sannan malami zai san inda ya tsaya. Makarantun allo sun daɗe da wannan tsari, domin almajiri ba ya wanke allonsa sai ya biya wa malam karatun da bakinsa.

Sai dai fa gwajin aiki yana da nasa cikas. Yana cin lokaci, balle a ajin da ya cika maƙil. Daɗin daɗawa, malamai biyu na iya sauraron ɗalibi ɗaya su ba shi maki dabam-dabam, kuma ta nan son kai kan kutso. Maganin wannan shi ne a rubuta sharuɗɗan ba da maki tun kafin gwajin: kaza na furuci, kaza na tsarin magana, kaza na zaɓen kalmomi. A sanar da ɗalibai, kuma in da hali malamai biyu su duba tare.

A taƙaice, takarda tana nuna abin da ɗalibi ya sani, aiki kuwa yana nuna abin da ya iya. Makarantar da ke son adalci tana buƙatar duka biyun.