Hoton Asibiti Ba Fim: Inda Cinikin Yake Ga 'Yan Kasuwar Mubi

Daga Gella, hedkwatar ƙaramar hukumar Mubi ta Kudu, zuwa Yola tafiyar kimanin kilomita 200 ce, kuma majinyaci kan yi ta rungume da ambulan hoton ƙirjinsa don ƙwararre ya duba.

Manhajar PACS, mai bin ƙa'idar DICOM ta 1993, na iya rage wannan ɗawainiya. Tana adana hoto a kwamfuta, ta aika shi ta intanet, ba sai an sayo fim da kuɗin waje ba. Likitoci masu neman ƙwarewa kuwa suna koyo daga tsofaffin hotunan, bayan an goge sunayen masu su.

Sai dai ba ta aiki sai da tsayayyar wutar lantarki. A nan masu sayar da farantan hasken rana da batura ke da kasuwa.