Ɗan Abin Marmari Ga Wanda Aka Rage Wa Tumbi

Al'adarmu ce, mai kyau kuwa, idan aka sallamo ɗan'uwa daga asibiti ba mu kan je gaishe shi hannu sake ba. Matan zumunta su kan haɗa kuɗi su sayo katan na lemon kwalba. Wata ta dama fura ta zuba sukari son ranta, wata ta kawo kunun gyaɗa a fulas. Sa'an nan a kewaye marar lafiya ana cewa, "Daure ka ƙara, ai ci shi ne magani." Ga yawancin marasa lafiya wannan ba laifi. Amma akwai wani majinyaci wanda irin wannan alheri ya kan jefa shi cikin wahala, shi ne wanda likita ya rage wa tumbi. A kansa za mu yi magana, da kuma ɗan abin marmarin da uwargida za ta iya yi masa ba tare da ta cuce shi ba.

Wataƙila mai karatu zai ce, me ya haɗa mutanen Mandera da sauran ƙauyukan ƙasar Boɗinga da Shagari da wannan zance? Abu biyu ne. Na fari, tun da daɗewa likitoci su kan yanke sashin tumbi, ko su haɗa shi da hanji ta wata sabuwar hanya, saboda ƙari ko gyambon ciki da ya toshe mafitar abinci. Irin wannan babban aiki shi ke kai mutanenmu manyan asibitoci kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Na biyu, yanzu ana rage tumbi da gangan domin maganin ƙibar da ta wuce kima. Dā mu kan ɗauki teɓa alamar hutu ce da wadata, amma ita ce ke jawo wa mutane da yawa ciwon sukari da hawan jini da ciwon gwiwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da ƙiba mai cutarwa. Aikin yana da tsada, a Ikko da Abuja ko ƙasashen waje kamar Masar da Indiya a ke zuwa yinsa. Amma 'yan'uwanmu na birni da su ka yi shi, gida su kan dawo hutawa, a hannun uwa ko ƙanwa ko matar wa. Tukunyar ƙauye ce za ta ciyar da su.

Abin da likita ya yi a ciki

Wani likitan Amurka mai suna Edward Mason, na Jami'ar Iowa, shi ya fara wannan aiki domin rage ƙiba a tsakiyar shekarun 1960. Ya lura cewa waɗanda aka yanke wa tumbi saboda gyambon ciki ba su kan yi ƙiba ba bayan aikin. A yau hanya biyu aka fi bi. A ɗaya, a kan cire wajen kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbin, abin da ya saura ya zama siriri kamar ayaba. A ɗayar, a kan ware 'yar jaka a bakin tumbin wadda ba ta fi ƙwan kaza ba, a haɗa ta kai tsaye da hanji.

To, ku duba fa. Mutumin da dā ya ke tashi da malmalar tuwo biyu, yanzu babban cokali uku ko huɗu ya cika shi. Ga rauni a ciki yana neman warkewa. Abin da ke warkar da rauni, ya riƙe tsoka kada ta zube, shi ne furotin, wato sinadarin nan mai gina jiki da ke cikin nono, ƙwai, nama, kifi da wake. Likitoci su kan bukaci irin wannan majinyaci ya sami aƙalla giram 60 na furotin kowace rana, sau da yawa har 80. Ƙwan kaza ɗaya giram 6 ke cikinsa. Ashe ana neman abin da ya kai ƙwai goma a rana, ta cikin tumbin da ƙwai ɗaya ke cika shi! Shi ya sa kowane cokali ya ke da daraja. In aka cika wurin da koko ko lemo, an tare wa abin da jiki ke bukata hanya. Wanda bai sami isasshen furotin ba ya kan yi laushi, rauninsa ya daɗe bai kame ba, gashin kansa kuma ya yi ta zuba bayan wata uku ko huɗu.

Sukari kuwa yana da nasa sharri dabam. Lafiyayyen tumbi ya kan riƙe abinci ya riƙa sakinsa cikin hanji kaɗan kaɗan. Wanda aka haɗa wa tumbi da hanji ba shi da wannan mai tsaron ƙofa. Da ya sha abu mai zaƙi sai ya faɗa hanji gaba ɗaya, hanjin ya jawo ruwa daga jini. Cikin minti 10 zuwa 30 sai ka ga gumi ya keto masa, zuciya tana bugawa da sauri, ga jiri, ga murɗar ciki, wani lokaci har da zawo. Waɗansu kuma sai bayan awa ɗaya zuwa uku makyarkyata ta kama su, domin sukarin jininsu ya hau da sauri ya kuma faɗi warwas. Mutanen gida su kan firgita, wani ya ce aikin ne ya ɓaci, wani ya ce iska ce ko sammu. Alhali kuwa kwalbar lemo ce, gama ƙaramar kwalba mai santilita 35 tana iya ɗaukar sukari wajen cokalin shayi 9. Kada kuma a ce za a musanya da zuma ko dabino ko mazarƙwaila. A wurin hanji duk kanwar ja ce.

Duk da haka ba daidai ba ne a ce mutum ya yi wata da watanni yana shan romo kaɗai, yana kallon yara suna lasar alewa. Rai yana son ɗan canji. Majinyacin da aka hana kome da kome shi ne ya kan saci jiki ya aika yaro kanti.

Tataccen kindirmo

Mutanen ƙasar Sakkwato sun yi sa'a, domin maganin yana yawo a kan matan Fulani kowace safiya, daga shanun nan bokolo da aka san ƙasar da su. Sai dai a yi hankali. Nonon kasuwa sau da yawa an ƙara masa ruwa, an kuma sa garin 'ya'yan kuka domin ya yi kauri. Kaurin nan ba furotin ba ne, ruwan kuma ba a san rijiyar da aka ɗebo shi ba. Ɗanyar madara ma tana iya ɗaukar ƙwayar tarin fuka da wani zazzaɓi mai naci da a ke samu daga shanu. Saboda haka mun fi so uwargida ta sayi sabuwar madara ta yi nata.

A tafasa madara lita ɗaya, a sauke. In ta huce, a kwashe man da ya taso a sama, gama maiƙo mai yawa yana nauyaya wa sabon tumbi. Sa'ad da ta koma ɗumi-ɗumi, yadda za a iya tsoma tsabtataccen yatsa ba ƙuna, a zuba babban cokali biyu na kindirmo mai kyau, a juya, a rufe, a ajiye ta kwana. Da safe ta kama. Yanzu ga inda dabarar ta ke: a shimfiɗa farin ƙyalle mai tsabta, wanda aka tafasa, a kan rariya, a juye kindirmon a ciki, a bar ruwan ya yi ta ɗiga awa uku ko huɗu a wuri mai sanyi. Abin da zai saura bai kai rabin na farko ba, amma ya yi kauri har cokali ya tsaya, furotin ɗinsa kuma ya ninka. Giram 100 na kindirmo yana da furotin wajen giram 3 da rabi. Giram 100 na tatacce yana da wajen 8 ko 9. Ga wanda cikinsa ba ya ɗaukar abu da yawa, wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Domin ɗanɗano, a dama babban cokali ɗaya na nunanniyar gwanda har ta yi sumul a gauraya, a barbaɗa ɗan garin kirfa. Ba a sa sukari. Kwana biyu na fari majinyaci zai ce salam ya ke ji, amma harshe ya kan saba. Wani amfanin kindirmo kuma, waɗanda sabuwar madara ke kumbura wa ciki bayan aiki su kan iya shan mai tsami ba wahala, domin tsamin ya cinye wani sashi na sukarin da ke cikin madarar.

Turaren ƙwai da madara

Wannan shi ne abin da Turawa tun asali su ke kira kastad. Amma kada uwargida ta ruɗe da garin kastad mai ruwan ɗorawa da a ke sayarwa a roba. Wancan sitacin masara ne da launi, ba ƙwai ko ɗaya a ciki. Labarinsa ma abin dariya ne: wani mai haɗa magunguna a Birmingham ta Ingila, Alfred Bird, shi ya ƙago shi a shekarar 1837 domin matarsa ba ta iya cin ƙwai. Wato da gangan aka yi shi ba ƙwai. Mu kuwa mu kan dama shi da sukari mu kai wa marar lafiya muna tsammani abincin asibiti ne mai gina jiki, alhali ɗan'uwan koko ne.

Na gaskiya ba shi da wuya ga duk macen da ta iya alala. A fasa ƙwan kaza biyu, ko na zabi uku in damina ce suna araha. A kaɗa su a hankali, kada su yi kumfa. A zuba tafasasshiyar madara kofi ɗaya mai ɗumi, wato rubu'in lita, da madarar gari babban cokali biyu, da ɗan garin gyaɗar ƙamshi a bakin cokali. A tace da rariya domin ya fita sumul. A raba cikin ƙananan kofuna huɗu na silba ko gwangwanayen alala, a rufe bakinsu, a jera a tukunya mai ɗan ruwa a ƙasa. Wuta kaɗan a ke so. In ruwan ya yi ta ɓararraka, abin zai yi ramuka ya tsinke ya yi tauri, tauri kuwa shi mu ke gudu. Bayan minti 15 zuwa 20 a soka wuƙa a tsakiya. In ta fito fes, ya nuna. Dukan haɗin yana da furotin wajen giram 24, wato kowane kofi giram 6, daidai da ƙwai guda, amma yana wucewa a maƙogwaro kamar ruwa, ba kamar dafaffen ƙwai da ke shaƙe mutum ba.

A lura da irin madarar da za a saya. Ta gwangwani mai kauri mai yauƙi kusan rabinta sukari ne, ba ta shiga nan ko kaɗan. Madarar gari kuma iri iri ce. Wadda a ke aunawa daga buhu sau da yawa an cire man shanunta an sa man itace, wata ma har da sukari. A sa yaron da ya yi makaranta ya karanta jikin leda ko gwangwani: mai kyau tana nuna furotin wajen giram 24 ko fiye cikin kowane giram 100.

Inda madara ta yi wuya, kamar tsakiyar rani sa'ad da shanu su ka yi nisa, awara tana tsayawa a madadinta. Ba soyayya mai yaji ta bakin makaranta ba. A karɓo ta tun tana fara, kafin a sa ta a mai, a sake turara ta, a dama da gwanda har ta yi laushi.

Yadda za a ba shi

Takardar da likita ya bayar ita ce gaba da duk abin da mu ka faɗa a nan. Yawanci mako ɗaya ko biyu na fari abu mai ruwa-ruwa kaɗai a ke sha. Bayan haka a shiga damammen abinci marar gudaji, a nan ne waɗannan abubuwa biyu su ke shigowa. Abinci sosai sai wajen mako shida zuwa takwas. Mai ciwon ƙoda kuwa kada a ƙara masa furotin sai da izinin likita.

A fara da babban cokali biyu, a ba shi da cokalin shayi, ya ɗauki kamar minti 20 yana ci. Da ya ce ya ƙoshi, a ɗauke kwanon, ko da cokali ɗaya ya saura. Mun san wannan yana yi wa uwa wuya, tana ganin ɗanta yana ramewa, ga abinci ya rage. Amma lomar "daure ka ƙara" ita ce ke kawo amai, amai kuwa yana jan ɗinki. Kada ya sha ruwa tare da abinci. A bar rabin awa kafin ci da rabin awa bayan ci, sa'an nan ya yi ta kurɓa kaɗan kaɗan dukan yini har ya kai lita ɗaya da rabi, ko fiye a kwanakin zafin Afrilu da Mayu. Fura sai ta jira tukuna, in lokacinta ya yi kuma nono ya fi gero yawa. Ƙwayoyin bitamin da na ƙarin jini da likita ya rubuta, kindirmo ba ya maye gurbinsu. Da yawa za su sha su muddin rai.

Zafin ƙasarmu ba ya barin abin madara ya daɗe. Gidan da ba firiji, a yi na yini ɗaya kaɗai, a rufe kwanon a sa shi cikin kasko mai ruwan randa, abin da ya kai dare a ba yara. In kuwa majinyaci ya yi ta amai har ruwa ba ya zama, ko zazzaɓi ya kama shi, ko ciwon ciki mai tsanani, ko bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta, wannan ya wuce aikin madafa. A nemi mota a bakin titi a kama hanyar Sakkwato a ranar, a tafi da takardar sallama a hannu.