CIWON MAFITSARA MAI KOMOWA

Ƴan'uwa mata, zancen yau naku ne, amma maza ma ku saurara.

Kina jin zafi in kina fitsari. Kin fita yanzu, kin sake jin fitsari, kuma kaɗan ne ke zuba. Mara tana ciwo. Wannan shi ne ciwon mafitsara. Mutane suna haɗa shi da wasu cututtuka su ce ciwon sanyi, amma kowace cuta da maganinta.

Wasu ƙwayoyin cuta ne ke kawo shi. Ido ba ya ganin su. Gidansu hanji ne. Daga wajen bayan gida suke hawa su shiga hanyar fitsari. Hanyar fitsarin mace gajera ce, kamar santimita 4. Shi ya sa ciwon ya fi kama mata.

In ya kama ki sau 2 cikin wata 6, ko sau 3 cikin shekara, to ya zama mai komowa. Ki tafi likita a auna fitsarinki. Awo ne zai nuna irin ƙwayar da maganin da ke kashe ta.

Bayan awo, lokotoro yana iya ba ki maganin riga-kafi. Magani ne mai kashe ƙwayoyin cuta, ana ce masa antibiyotik. Kaɗan ake sha: ƙwaya guda da dare kafin barci, don ya kwana cikin mafitsara. Ana yin haka wata 3 zuwa 6, sannan ki koma a duba. Wadda ciwon ke taso mata bayan saduwa da maigida, ƙwaya guda take sha a ranar kaɗai.

Amma lokotoro ba ya gaggawar ba da shi, kuma yana da gaskiya. In ana shan magani kullum, ƙwayoyin cuta suna sabawa da shi. Ran da ciwo mai tsanani ya zo, sai maganin ya kasa. Don haka kar ki sayi ƙwayoyi wajen masu talla a kasuwa. Kar ki karɓi ragowar maganin maƙwabciya. In kina da ciki, ki faɗa tun farko, don wasu magunguna kamar Bactrim ba su dace da mai ciki ba.

Kafin magani, akwai ruwa. A wani bincike da aka wallafa a shekarar 2018, likitoci sun gwada mata 140 a ƙasar Bulgariya. Waɗanda suka ƙara shan ruwa lita 1 da rabi kowace rana, ciwon ya ragu musu kusan rabi. Kuma kar ki riƙe fitsari. In za ki yi tsarki, ki wanke daga gaba zuwa baya.

In yaro mai wanka a tabki yana fitsarin jini, sau da yawa tsargiya ce, maganinta daban ne. In zafin fitsari ya zo da zazzaɓi, da rawar jiki, da ciwon kwiɓi, cutar ta kai ga ƙoda. Ki tafi likita a ranar, kar ki bari gobe.